Cirozerin: ba a fafe gora ranar tafiya

Kusan kowane ɗan Nijar ya san sunan Arlit ko da bai taɓa taka ƙasarta ba, amma kaɗan ne za su iya nuna Cirozerin a taswira. Garin yana gindin duwatsun Abzin, wajen kilomita 75 daga Agadas, in an ratse daga babbar hanyar uraniyom. Baƙon da ya isa can, hayaƙin izin da tulin baƙar toka ne za su fara yi masa maraba, sannan gidajen ma'aikata a jere, sannan unguwannin talakawa da garake a bakin ƙorama. Daga mai shago har mai tallar fura, kowa a garin albarkacin gawayin ƙasa yake ci, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kwal. To amma kowane rami yana da ranar da za a kwashe shebur na ƙarshe. Tambayarmu ga mahukunta a wannan mako ita ce: me aka tanadar wa Cirozerin domin wannan rana?

Mu tuna yadda garin ya samu. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar gawayin Anu Araren, a 1981 kuma tashar lantarkinsa ta fara aiki. Injuna biyu ne, ƙarfinsu a haɗe bai kai megawat 40 ba. Ana haƙo gawayin a buɗaɗɗen rami, a ƙona shi nan take, ruwa ya tafasa, tururi ya juya injin, wuta ta bi waya ta nufi arewa. Dalilin gina tashar a bayyane yake: kamfanonin uraniyom biyu, SOMAIR da ta fara fitar da ma'adini a 1971 da COMINAK da ta biyo baya a 1978, suna bukatar wuta mai yawa a tsakiyar hamada, ga shi man da za a ƙona sai an ɗauko shi daga bakin teku a kan kuɗi mai tsada. Daga cikin wannan wuta ne Agadas da Arlit da Akokan da ita kanta Cirozerin suka samu rabonsu. Ke nan tun ran gini, an ɗaure garin da igiya guda a jikin turke guda.

Kada mai karatu ya ɗauka muna kira ne a rufe ramin. Allah ya sawwaƙe. Abin da ya faru a 2023 ya ishe mu darasi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya, wadda a lokacin take ba mu wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da muke sha, ta yanke waya a farkon Agusta, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara a Yamai da Dosso sun san abin da suka yi asara, ma'aikatan biro kuma sun san yadda ake wuni ana fifita da takarda. Arewa ba ta rataya ga waccan waya ba, domin wutarta daga ƙarƙashin ƙasarmu take fitowa. Ƙasar da ta ɗanɗana wannan ba za ta yi wasa da tashar da ke hannunta ba. Mutanen da suka shekara arba'in da ɗoriya suna shaƙar ƙura domin fitila ta kama a arewa sun cancanci godiya, kuma godiyar da ta dace da su ita ce a gaya musu gaskiya game da gobensu.

Gaskiyar kuwa tana da ƙafa uku. Ta farko, tashar ta tsufa. Injin da aka tayar a 1981 ya wuce shekarun ƙuruciya, kuma gawayin Anu Araren mai yawan toka ne, yana wahalar da tukunya. Ta biyu, masu ba da bashi sun juya wa gawayi baya. Bankin Duniya ya taƙaita zuba kuɗi a irin waɗannan tashoshi tun 2013, ƙasar Sin kuma ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbi a ƙasashen waje. Wanda ke shakka ya dubi Salkadamna a jahar Tawa, inda aka aza tubalin farko a 2014 da kiɗa da jawabai, aka shafe shekara goma babu ko fitila ɗaya da ta kama da gawayinta. Ta uku, kuma ita ce mafi nauyi, manyan masu sayen wutar sun ragu. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 saboda ma'adinin ya ƙare. SOMAIR ta shiga rikici da kamfanin Orano na Faransa, har gwamnati ta mai da ita hannun ƙasa a Yunin 2025. Mai ita ya sake, amma wannan bai ƙara ko mudu ɗaya a cikin abin da ya rage a ƙasa ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akokan ɗan'uwan Cirozerin ne na jini, gari ne da kamfani ya haifa. Da COMINAK ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila, waɗanda ba su samu irin sallamar da aka yi wa ma'aikatan kamfani ba. Bayan kowane albashi da ya tsaya akwai mai gidan haya, da mahauci, da tela, da direban da ke kawo gero da shinkafa daga kudu. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da ke da abokin ciniki a arewa bai bukatar a yi masa lissafi: ranar da albashi ya tsaya a can, bashinsa ne ya maƙale.

Abin da ke jiran Cirozerin ya samu wasu kafin mu, kuma ba duka ne suka faɗi ba. A Najeriya an gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal, garin Inugu ya tashi a kansa. A can ne ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. Da jiragen ƙasa suka koma shan gas, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya tsai da aiki, haƙar ta durƙushe ba ta sake miƙewa ba. Amma Inugu ta rayu, domin kafin nan ta riga ta zama cibiyar mulki da kasuwa da makarantu. A Faransa kuwa, tun 1994 kamfanin gawayi na gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta tsai da lokacin rufewa da makomar kowane ma'aikaci, sai a 2004 aka rufe rami na ƙarshe. La Mure, wani ƙaramin gari a tsaunukan kudu da Grenoble, ya rufe nasa a 1997. Yau wani tsohon rami na yankin ya zama gidan tarihi, tsohon jirgin dakon gawayi kuma baƙi yake ɗauka. Ba mu da aljihun Faransa, amma faɗin gaskiya shekara goma kafin lokaci bai cin ko dala.

Saboda haka muna neman abubuwa huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gwamnati, wadda ita ce ke da kaso mafi tsoka a SONICHAR.

Na ɗaya, ma'aikatar ma'adinai da ta makamashi su fito su faɗa wa jama'a, da Faransanci da Hausa da Tamajak, shekara nawa gawayin da ya rage zai kai, shekara nawa kuma injunan za su iya ɗauka. Mai iyali da ke tunanin gina gida a garin yana da haƙƙin ya sani.

Na biyu, a yi lissafin kuɗin gari. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa a cikinta kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu. A buga a jarida nawa ya kamata a biya kowace shekara, nawa aka biya, me aka yi da shi. In rijiya ta ba da ruwa, a san gugan da ya hana. Daga nan kuma a riƙa ware wani abu a asusu na musamman, wanda babu mai taɓa shi sai don ranar rufewa.

Na uku, a ba garin ƙafa ta biyu tun ta farkon tana tafiya. Albasa da dankalin turawa da lemun garaken Abzin sun yi suna a kasuwannin kudu, abin da ke karya manomi shi ne ruɓewar kaya da lalacewar hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit. A gyara godoro, a gina rumbunan ajiya. Ga kuma ƙwararrun masu aikin wuta da kanikawa da kamfanin ya horar, ga waya a shimfiɗe, ga rana da ba ta fashi: wurin ya dace da tashar hasken rana da makarantar koyon sana'arta. Gasasshen gawayin girki, wanda aka daɗe ana cewa zai ceci itatuwanmu daga murhu, shi ma sai an sauƙaƙa farashinsa an bar ƴan kasuwa su kai shi lungu-lungu kafin matan gida su saki icce.

Na huɗu, a tanadi kuɗin cike rami da rufe tulin toka da kare ruwan ƙasa, a kuma ci gaba da duba lafiyar ƙirjin waɗanda suka ajiye aiki. Takardu da hotuna da tsofaffin injuna a adana su, a naɗi muryar dattawan da suka ga farkon aikin tun suna raye. Ranar da tsaro ya daidaita baƙi suka dawo kallon tsohon garin Agadas da raƙuman dawa na Dabus da ke zane a dutse, Cirozerin ma za ta samu abin nunawa.

Ma'aikacin gwamnati da ke riƙe da waɗannan takardu a Yamai ya sani cewa jinkirin sa hannunsa yana da sunaye da fuskoki a gindin dutse. Masu mafarkin Salkadamna kuma, in Allah ya sa aikin ya tashi, su rubuta tsarin rufewa a rana ɗaya da tsarin buɗewa. Cirozerin ta ba ƙasa haske sama da shekara arba'in. Tun hayaƙi yana tashi ya kamata a zauna da mutanenta a yi wannan magana, domin in ya ɗauke, masu ƙarfi za su hau mota, tsofaffi da yara ne za a bari da toka.