Yaƙin Jamus da Rasha: a faɗi labarin duka

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, mu ma'aikatan gidajen rediyon karkara mukan sha gardama daga masu saurare a kan wanda ya karya Hitler. Waɗanda suka yi lakwal suna cewa Amurka da Janar De Gaulle ne, don abin da mushe ya koya musu ke nan. Samarin yanzu kuwa, musamman tun 2023 da tutar Rasha ta fara yawo a titunan Yamai, cewa suke Rasha ce ita kaɗai. A ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabin magana ne.

Samarin sun fi kusa da gaskiya, wannan ba mu musu. Ranar 22 ga Yunin 1941 Hitler ya tura sojoji sama da miliyan 3 cikin Tarayyar Sobiyet, yana zaton kafin sanyi ya shigo an gama. Sai ga shi a watan Disamba an tare su a bakin Mosko. A 1942 ya juya kudu neman man fetur na Kokasus, ya kuma kafe sai ya ci Stalingrad da ke bakin kogin Bolga. Nan aka yi wata da watanni ana faɗa gida gida, har ɗaki ɗaki. Janarorin Sobiyet suka lura cewa sojojin Romaniya ne ke tsaron gefunan Jamusawa, kuma ba su da isassun makaman fasa tankoki. Ranar 19 ga Nuwamba suka ɓullo ta nan, cikin ƴan kwanaki suka yi wa Runduna ta 6 zobe. Hitler ya hana Paulus ja da baya, jiragen da aka ce za su kawo abinci suka kasa. Zuwa 2 ga Fabrairun 1943 kusan mutum 91,000 sun miƙa wuya, waɗanda suka koma gida daga baya ba su wuce 6,000 ba. Lokacin da aka sauka Normandi a 1944, an riga an yi Kursk, Jamus tana ta ja da baya. Wajen kashi uku cikin huɗu na sojojinta da suka mutu, a gabas suka mutu.

To amma fa, Sobiyet ba Rasha kaɗai ba ce. Cikin mutum kusan miliyan 27 da ta rasa akwai miliyoyin ƴan Yukren, akwai Kazak da Uzbek, musulmi da yawa a cikinsu. Belarus ta rasa wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Kuma motoci sama da 400,000 da Amurka ta aika sun taimaka ƙwarai wajen jigilar soja da harsashi har Balin.

Akwai kuma abin da masu ɗaga tuta ba su son ji. A watan Agustan 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler, suka raba Folan tsakaninsu. Har zuwa jajibirin harin 1941 jiragen ƙasa na kai wa Jamus hatsi da mai daga Sobiyet. An yi ta kawo wa Stalin rahoton cewa hari na tafe, ya ƙi yarda, bayan kuwa shi da kansa ya hallaka ɗimbin manyan hafsoshinsa a 1937 da 1938.