FILIN NA'URA DA SANA'A: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A wannan karo za mu tsaya ne a kan wani kuka da ya zama ruwan dare a ƙananan ofisoshin 'yan'uwanmu, tun daga New Bell da kewayen Kasuwar Kwango har zuwa Akwa da Kotto. Ina nufin ofisoshin masu fiton kaya daga tashar jiragen ruwa, da masu motocin dako zuwa Njamena da Bangi, da masu shirya tafiyar Hajji da Umra, da kuma shagunan buga takardu. Kukan kuwa shi ne, kwamfutoci uku ko biyar suna ɗaki guda, an haɗa su domin su riƙa musayar takardu, amma in sakatare ya nemi buɗe fayil ɗin da ke cikin kwamfutar akawu, sai ya zauna ya yi tagumi kamar mai jiran jirgin ƙasa na Ngaundere.

Da zarar haka ta faru, abin da kowa ke cewa shi ne "rezo ba kyau". Sai maigida ya kira kamfanin da ya ba shi intanet ya yi ta faɗa, ko kuwa ya ƙara kuɗin da yake biya duk wata domin a ba shi layi mai ƙarfi. Wata ya zagayo, jiya i yau. Daga nan sai wani ya ba shi shawarar ya canza kwamfutocin gaba ɗaya. Kafin nan ma'aikata sun gaji, sun koma yawo da kile daga tebur zuwa tebur, kile kuwa shi ne jakin da ke dakon ƙwayar cutar nan mai mai da fayiloli su zama raccourci. Sai ka tarar da takarda guda tana da kwafi huɗu a kwamfuta huɗu, ba wanda ya san wacce ce ta ƙarshe. Ga mai fiton kaya kuwa, wanda kwantenarsa ke zaune a tasha ana lissafa masa kuɗin kwana, takarda ta ɓata ko ta makara ba abin wasa ba ne.

To, ya kamata mu gane cewa hanyoyi biyu ne a ofis. Akwai babbar hanya mai fita waje, watau intanet, wadda ke bi ta wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da ta sauka nan Duwala a 2002, ko wadda aka ja daga Kribi zuwa Fortaleza ta ƙasar Barazil a 2018. Akwai kuma 'yar hanyar cikin gida wadda ta haɗa kwamfutocin ofis da junansu. Fayil ɗin da zai tashi daga teburin akawu zuwa na sakatare, taku huɗu tsakani, ba ya zuwa bakin teku, ba ya ma fita ƙofar ofis. Ko da za a faɗaɗa hanyar Yawunde ta zama layi goma, ba zai kawar da buhunan da aka jibge a zaurenka ba. Mai shakka ya lura da ranar da kuɗin intanet ɗinsa ya ƙare: zai ga fayilolin cikin gida suna tafiya yadda suka saba, da saurinsu ko da nawarsu. Sai fa in ma'aikata ta WhatsApp ko imel ko Google Drive suke tura wa juna takardu. Wannan kam fita waje ce, kuma ba ita muke magana a kai ba.

Kafin a taɓa komai, a auna. "Yana nawa" ba awo ba ne. A samu fayil guda babba, mai nauyin 1 Go, a kwafe shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, a duba agogo. A nan sai mun ɗan koma aji, domin masu sayar da na'ura suna lissafi da bit, ita kuwa Windows ɗinmu ta Faransanci tana nuna octet sa'ad da take kwafi, kuma bit 8 ne ke yin octet guda. Saboda haka hanyar da aka rubuta mata 100 Mbits ba za ta wuce kimanin 11 ko 12 Mo a daƙiƙa ba, fayil ɗinmu zai ci kamar minti ɗaya da rabi. Hanya mai gigabit guda, watau 1000 Mbits, tana kai wajen 110 Mo a daƙiƙa, fayil ɗin zai wuce cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. In kuwa ya ci kwata guda na awa, to hanyar ta faɗo zuwa 10 Mbits, saurin da aka tsara tun 1990. Mai 100 ya zo a 1995, gigabit a kan wayar tagulla kuwa a 1999. Ke nan ba wani sabon abu ake nema ba, abin da ya haura shekara 25 ne.

Wannan awo shi ke nuna inda za a dosa. Kowace kwamfuta kuma tana faɗin saurin da ta samu. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta ncpa.cpl, a danna sau biyu a kan Ethernet, a duba layin da aka rubuta Vitesse. A yi haka a kwamfutocin biyu, domin wadda ta fi nawa ita ke yanke hukunci.

Yawanci dai waya ce mai laifi, kuma ita ce abin da aka fi rainawa. Cikin wannan waya mai kan roba akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu. Saurin 100 Mbits huɗu kawai yake bukata daga ciki, amma gigabit sai dukkan takwas ɗin sun cika lafiya. To ga inda rikicin yake: in guda ɗaya daga cikin huɗun da suka rage ta tsinke, ko ba ta zauna daidai a kai ba, hanya ba ta mutuwa. Fitila na ci, intanet na zuwa, kwamfuta dai ta yi shiru ta sauko zuwa 100, ba ta gaya wa kowa ba. Haka ofis zai shekara yana aiki da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin na'urorin da ya saya da kuɗinsa.

Mu kuwa a Duwala muna da abokan gaba na musamman. Garinmu yana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, daga Yuni zuwa Oktoba bango kansa gumi yake yi. Wannan laima tana cin 'yan haƙoran da ke kan waya har su yi tsatsa ko kore. Ga ɓeraye a silin, ga ƙofar ƙarfe da ke matse waya kullum safe da yamma, ga ƙafar kujera. Na sha ganin wayar da aka ja ta taga, ta bi ta kan kwano cikin rana da ruwa zuwa shagon maƙwabci, alhali ba a yi ta domin waje ba. Sa'an nan a tuna cewa iyakar tsawonta mita 100 ne, kuma a raba ta da wayar wutar lantarki, kada a ɗaure su tare.

Akwai kuma ta jabu. Waya ta gari tagulla ce zalla, a jikinta an rubuta Cat5e ko Cat6. Amma kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyon ne aka shafa masa tagulla a sama, wani lokaci da haruffan CCA a jikin kwali, wani lokaci ba komai. Tana da araha, tana kuma karyewa da wuri, musamman a wurin da aka matse kai. Araha ba ta ado. Mai saye ya fere guda da wuƙa ya kankare: in cikin ya fito fari, ya mayar wa mai shago abinsa.

Gwajin waya ba shi da wuya. A sayi gajeruwa guda biyu, waɗanda aka haɗa kansu tun daga masana'anta, a kawo kwamfutocin biyu kusa da akwatin rarraba layi, watau suwic, a sake awon nan. In lokaci ya faɗo daga minti ɗaya da rabi zuwa daƙiƙa 10, an kama ɓarawo. Sharaɗi dai shi ne a canza abu guda a lokaci guda, a auna, sa'an nan a wuce gaba. Wanda ya canza waya da akwati da kwamfuta a tare, ko ya dace bai san abin da ya warkar da shi ba.

Shi kansa suwic a karanta abin da aka rubuta a goshinsa. In 10/100 ne, to ko wayar zinariya aka sa masa ba zai wuce 100 ba, sai mai 10/100/1000. Wasu akwatunan intanet da ake haɗa kwamfutoci a bayansu su ma iyakarsu 100. Bayan tsawa ko dawowar wuta da ƙarfi, rami guda yana iya lalacewa sauran suna lafiya, saboda haka a gwada wani rami. Kuma in an ga dukkan fitilun suna ƙiftawa tare babu numfashi, komai ya tsaya cik, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa mai shara ne ya ga kan waya a ƙasa, ya yi niyyar alheri ya cusa shi a rami, ashe ɗaya kan ma yana cikin akwatin. Saƙo sai ya yi ta zagaye ba fita.

Sai batun wifi, wanda kowa ke so domin ba ja-in-ja da waya. Wifi kamar mahaɗar Ndokoti yake da yamma, hanya guda ce kowa ke rububi, da manyan motoci da 'yan bensikin. Duk wayar hannun da aka ba lambar sirri, ta ma'aikaci da ta baƙo da ta mai shayin ƙofar ofis, tana cin rabonta. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, a unguwa irin New Bell kuwa, inda bango ke jingine da bango, akwatunan maƙwabta sun riga sun cika su. Zangon 5 GHz ya fi sarari, amma ba ya ratsa bangon siminti sosai. Bugu da ƙari, in kwamfutocin biyu duk a wifi suke, fayil sai ya bi iska sau biyu, zuwa akwati da fitowa. A ganina, kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis ba ta da abin yi da wifi. A sa mata waya, haka ma duk wadda ke zaune a tebur ba ta motsi.

In hanya ta nuna gigabit amma har yanzu ana nawa, to a juya ga kwamfutar da ke rabon. A buɗe Gestionnaire des tâches a duba layin Disque. In yana manne a 100% alhali ba wani aikin kirki ake yi ba, wataƙila diski ya tsufa, ko kuwa yawan ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu ya raunana shi. Wannan ya wuce maganar sauri, a kwashe takardu zuwa wani wuri tun a ranar, sa'an nan a sa diski irin na SSD. In kuɗi bai kai a saya wa kowa onduleur ba, a saya wa wannan kwamfuta da suwic. Haka nan kada a tara mata maganin ƙwayar cuta iri biyu, kowanne yana tsare fayil yana bincike kamar shingen hanya. A kuma sani cewa ƙananan fayiloli 5,000 sun fi babba guda cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, domin kowanne sai an buɗe an rufe. Masu hotunan fasfo da takardun da aka yi wa sikan, su ƙulle su a zip kafin su tura.

Wani lokaci kwafi na gudu, amma buɗe jakar fayil ɗin ne ke cin lokaci. Sau da yawa neman suna ne ke jawo haka. A gwada kiran kwamfutar da lambarta maimakon sunanta, alal misali \\192.168.1.10, in ta buɗe nan take, a sa mai gyara ya kafe mata lamba guda wadda ba ta canzawa. Umarnin ping ma yana taimakawa: a kan waya lafiyayya amsa ba ta wuce 1 ms, kuma ba a rasa ko ɗaya.

Akwai abu guda da nake roƙon masu ofis kada su yarda da shi. Kwamfutocin Windows suna musayar fayil da wani yare mai suna SMB. Na farkonsa, wanda Windows XP ke ji, mai yawan surutu ne da nawa, an kawo na biyu tare da Windows Vista, na uku kuma tare da Windows 8 a 2012. In akwai tsohuwar XP ko tsohuwar na'urar sikan a ofis, mai gyara zai ce bari ya kunna SMB1 a sauran domin su ji juna. Ta wannan ƙofa ce cutar WannaCry ta shiga a watan Mayu na 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Tsohuwar XP a cire ta daga rezo, ta yi buga takarda ita kaɗai.

In duk wannan ya gagara aka kira mai gyara, kada a bar shi shi kaɗai da na'ura. Maigida ya nuna masa awon da ya yi, ya ce ga fayil, ga agogo, ga abin da ya ci. Bayan gyara a sake kwafin wannan fayil ɗin a gabansa kafin a biya. In ya ce sai an canza waya, a tsaya a ga kwalin, kuma ya manna lamba a kan kowace waya, gaba da baya, ya bar takardar da ta nuna wacce ta tafi wane tebur.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ƙaramin ofis zai riƙa ajiye kwafin takardunsa a wuri na biyu. Masu tambaya su aiko ta ofishin mujalla kamar yadda aka saba, da Hausa ko da Faransanci.