Tsofaffin Motoci Masu Giyar Otomatik Da Haɗarinsu A Hanyoyin Gobir

Duk wanda ya san tashar mota ta Sabon Birni ko ta Isa shekaru arba'in da suka wuce, in ya koma yau zai tarar da irin motocin da ke ɗaukar jama'a sun sake ƙwarai. A wancan zamani Fijo ce sarauniyar hanya, watau 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma kusan dukkansu giyar hannu gare su. In batir ya mutu a tsakanin Goronyo da Sabon Birni, sai fasinjoji su sauka su tura, direba ya saki kuloci, mota ta tashi a ci gaba da tafiya. In kuwa kulocin ne ya ƙone, da wuya a rasa makaniken da zai sauke shi ya sa wani kafin la'asar. Yau kuwa, ban da Golf da sauran masu giyar hannu da har yanzu ke aiki, akwai ɗimbin Camry da Corolla da Sienna da Accord masu giyar otomatik, mafi yawansu sun ba shekara goma sha biyar baya, a hannun direbobin haya da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi. Wannan canji ya zo da wani haɗari wanda ya kamata a tsaya a dube shi da idon basira.

Yadda muka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, ma'aikaci na iya karɓar bashin mota ya fitar da sabuwa dal. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986 darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai aka koma wa kwancen Turai da Amurka, waɗanda a ke saukewa a Kwatano, wasunsu su biyo ta Nijar su shigo ta ɓangaren Maraɗi da Birnin Ƙonni. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2017, amma wannan bai mayar da mutane ga sababbin motoci ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. To, da ya ke kusan duk motar da ke fitowa daga Amurka otomatik ce, ita ce ta cika mana gari.

Kada a ɗauka laifin ƙirar ne. Tun 1940 kamfanin General Motors ya fara sayar da motoci masu irin wannan giya a Amurka, kuma wadda aka kula da ita ta kan yi shekara da shekaru ba ta yi gardama ba. Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, rayuwarta duka a kan mai ta ke. A giyar hannu ƙafar direba ce ke haɗa inji da taya ta hanyar kuloci. A otomatik kuwa man giya ne ke wannan aiki: shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa akwatin giya, shi ke matse wasu faya-fayai siraran da ke ciki don a canja daga giya zuwa giya, shi ke sa musu santsi, har ila yau shi ke kwashe zafi ya kai lagireto a huce. Muddin man ya ragu, ko ya ƙone, ko ya gurɓata, matsin zai yi rauni, faya-fayan su riƙa gogar juna maimakon su kama. Wannan shi ne zamewar giya.

Alamominta kuwa a fili su ke ga mai lura. Direba zai taka totur, inji ya yi ta kururuwa, amma mota ba ta ƙara gudu ba. Ko ya sa giyar tafiya da safe, mota ta yi jim kamar ba ta ji ba, sa'an nan ta zabura da ƙarfi. Ko a ji ƙauri, ko a ga ɗigon jan mai a inda ta kwana. Mai mai lafiya ja ne garau. In ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, to faya-fayan sun fara ci. Da wuya giyar otomatik ta mutu ba ta yi gargaɗi ba, sai dai mu ne ba mu cika saurare ba.

Ƙasar Gobir kuwa ta tara duk abubuwan da ke gaggauta wannan lalacewa. Na farko zafi: a watan Afrilu da Mayu ya kan haura digiri 40, alhali babban abokin gaban man giya shi ne zafi. Na biyu rairayi: da an sauka daga kwalta za a nufi ƙauyuka, mota ta kafe, sai direba ya yi ta wurga giya gaba da baya yana danna totur, abin da ke iya ƙona faya-fayai cikin ɗan lokaci kaɗan. Na uku ruwa: wannan yanki ne na gulabe da fadamu, inda Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke zuba ruwansu cikin Rima, kuma da damina mota ta kan kutsa ruwa. In ruwa ya shiga akwatin giya, ko ta nan ko ta lagireton da ya yi tsatsa saboda ruwan rijiya da a ke ɗura masa, mai ya kan koma kamar madara, fatar faya-fayan ta saki. Na huɗu lodi: motar da aka ƙera don iyali guda sai a cika ta da fasinjoji, a ɗora buhunan gero da albasa a baya. Na biyar jahilcin mai: kowane kamfani da irin man da ya tsara wa motarsa, amma sai a sayi duk jan man da aka samu a bakin tasha a zuba, wani ma ba a san inda aka haɗa shi ba.

Haɗarin farko shi ne na hanya kanta. Hanyoyinmu daga Sakkwato ta Goronyo zuwa Sabon Birni, da kuma daga Sabon Birni ta Isa zuwa Shinkafi, hanyoyi ne da mai zuwa da mai dawowa ke raba kwalta ɗaya. Direban da ya fito zai wuce babbar mota ya dogara ne ga cewa in ya taka, motarsa za ta amsa. In giya ta zame a daidai wannan lokaci, ya tsaya ke nan a hannun mai tahowa, ba gaba ba baya. Wani lokaci kuma bayan ta zame sai ta kama farat ɗaya, mota ta fizga a kan burji ko a kwana. Akwai kuma motocin da in kwamfutarsu ta ga matsala sai ta kulle su a giya ɗaya, su koma tafiyar hawainiya. Su kansu masu ƙera motocin ba su ɗauki irin wannan da wasa ba. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci fiye da miliyan ɗaya a Amurka don a gyara, cikinsu har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida ƙirar 2003 da 2004, saboda zafi na iya karya haƙoran giya ta biyu har akwatin ya cije ana cikin gudu. Irin waɗannan motoci suna nan a titunanmu, kuma mai saye na uku ko na huɗu ba ya tambayar ko an yi wa tasa wancan gyara kafin ta hau jirgin ruwa.

Haɗari na biyu shi ne wanda ya bambanta wannan yanki da sauran wurare, kuma shi ya sa muka ɗauko zancen. A farkon Disamba 2021 'yan bindiga sun tare wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa a hanyar Sabon Birni zuwa Isa suka cinna mata wuta, 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar mutum 23. A ƙarshen Yuli 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana kan hanyarsa daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Allah ya ji ƙansu. Alhakin waɗannan rayuka yana wuyan waɗanda suka aikata ta'asar, kuma tsare hanya aikin hukuma ne wanda babu wani makanike da zai ɗauke mata. Mun ambace su ne don a tuna irin hanyar da a ke magana a kai. A hanyar da direbobi ke lissafin sa'ar fita da ta isa, suna gudun kada magariba ta same su a daji, motar da ta tsaya ta jefa duk wanda ke cikinta cikin halin da sai dai addu'a.

A nan ne kuma otomatik ta fi giyar hannu wuyar sha'ani. Ba ta tashi da turi, ko da mutum goma ne suka sa kafaɗa. Ja da igiya mai nisa kuma ɓarna ya ke ƙara mata, domin famfon da ke zagaya da mai inji ne ke juya shi. In inji ba ya aiki ƙarafan ciki a bushe su ke gogar juna, sai dai a ɗora ta bisa babbar mota. Daɗin daɗawa, masu iya buɗe akwatinta su gyara, da na'urar da ke karanta kwamfutarta, sun fi yawa a manyan garuruwa irin su Sakkwato da Gusau da Kano. Watau duk dabarun da matafiyi ya gada na fitar da kansa daga daji, wannan mota ta raba shi da su.

Wani zai ce ai talauci ne, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, Naira kuma ta ƙara faɗuwa, farashin man giya na ainihi da na kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, direban da ke neman na cefane kuwa ba ya son jin zancen ajiye mota kwana biyu. Amma in an yi lissafi, kuɗin canjin mai da matatarsa bai kama ƙafar kuɗin sayen wani akwatin giya na kwance ba, wanda shi ma ba a san tarihinsa ba, balle a zo ga rai wanda ba shi da farashi. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka, mu a namu ganin, gyara yana hawa uku. Mai mota ya riƙa duba man giyarsa bisa yadda littafin motar ya nuna, ya sayi irin wanda aka rubuta mata a wurin da ya amince, ya canja shi a kan kari, ya kuma sa a duba shi duk lokacin da ya ratsa ruwa mai zurfi. In zai shiga rairayi ya sa ƙaramar giya tun kafin ya kafe. Ma'aikacin da zai sayi mota ta hannu kada fenti ya ruɗe shi. Ya tuƙa ta har ta yi zafi, ya hau da ita tudu, ya ji yadda ta ke canja giya. Wanda kuma aikinsa na shiga ƙauyuka ne, babu kunya in ya zaɓi giyar hannu. Ɗalibi ko fasinjan da ya ji inji na ihu mota ba ta gudu, yana da haƙƙin ya yi magana tun ba a bar gari ba.

Hawa na biyu na shugabannin tasha ne. Ƙungiyar direbobi ita ke ba da layin lodi, saboda haka ita ce ta fi kowa ikon hana motar da aka san giyarta na zamewa ɗaukar mutane. Kowa a tasha ya san motar da ke ciwo, sai dai kara ta hana a faɗa, alhali wannan kara ce da ke iya jawo zaman makoki.

Hawa na uku na hukuma ne. Binciken da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci ke yi ya fi karkata ga takardu da taya da fitila. Lalle ne a haɗa da ɗan gwajin tuƙi ga motocin haya kafin a sabunta musu takarda. Haka kuma ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ƙungiyar makanikai a shirya gajeren horo kan giyar otomatik ga makanikan Isa da Sabon Birni da Goronyo, a kuma taimaka musu da na'urar bincike, ko da guda ɗaya ce a kowace hedkwatar ƙaramar hukuma. Masu sayar da jabun mai su ma a bi su har shagunansu.

Muna fata ranar da hanyoyin Gobir za su koma yadda aka san su, inda mota za ta lalace fasinjoji su zauna a inuwa su jira gyara hankali kwance. Kafin zuwan wannan rana, wajibi ne duk motar da za ta bar tasha a tabbata tana da ƙarfin kai mutanenta gari na gaba. Allah ya kiyaye hanya, amin.