Karatu a Ƙasar Waje: Layin Gida Ya Fi Kilishi Muhimmanci a Cikin Guzuri

Da zarar ɗalibi ya samu gurbin karatu a Turkiyya, Masar, Indiya ko China, hankalin mutanen gida sai ya koma kan akwati. A daka yaji, a ƙulla kuka da daddawa, a sayo kilishi da rigar sanyi. Ba wanda ke tambayar yadda za a yi da wayarsa, alhali ita ce ke fara ɓata masa rai tun makon farko.

Matsalar takan fara ne daga caja. Soket ɗin Najeriya mai baki uku ne irin na Ingila, na Turkiyya da Masar kuwa zagayayyun ramuka biyu ne. Wannan mai sauƙi ce, adafta ɗaya ta magance ta. Babbar damuwar tana zuwa ne ranar da ɗalibi ya cire layinsa na gida ya saka na ƙasar da ya je, ya jefa tsohon a aljihun jaka ya manta da shi.

Wannan ɗan ƙaramin katin shi ne makullin kusan komai. Da shi aka yi rajistar BVN, shi aka haɗa da NIN, kuma ta kansa banki ke turo lambar OTP. Da shi aka buɗe WhatsApp, galibi ma har da Gmail da Facebook. Ranar da manhajar banki ta lura an shiga daga wata ƙasa ko wata sabuwar waya, za ta tura lambar tantancewa zuwa wancan layin. Idan ba a kunna masa romin kafin tafiya ba, saƙon ba lallai ya iso ba. Sai ga kuɗin da iyaye suka turo na kwance a asusu, mai shi kuma yana neman rancen kuɗin abinci.

Akwai abin da ya fi haka muni. Layin da ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa na da damar rufe shi ya sayar wa wani. Wanda ya saye shi zai iya fara ganin saƙonnin banki na tsohon mai shi, har ma ya buɗe WhatsApp da lambar.

Wasu kan ce ai da sauƙi, a bar layin a hannun ƙani ko yaya ya riƙa karanto lambar. Dabarar tana da rauni. OTP mintoci kaɗan yake yi ya mutu, China kuma tana gaban Najeriya da awa 7, Indiya da awa 4 da rabi. Lokacin da ɗalibi ke tsaye gaban mai kanti da safe, mai riƙe da layin yana barci. Ban da haka, duk wanda ke riƙe da layin mutum, asusunsa ne ke hannunsa.

Kowace ƙasa kuma da nata tsarin. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje tana da kwana 120 kafin a toshe ta daga layukan ƙasar, sai an yi wa lambar IMEI ɗinta rajista an biya haraji mai tsada. A China, Facebook a toshe yake tun 2009, WhatsApp tun 2017, haka ma Gmail da YouTube da Play Store. Can WeChat da Alipay ne ke tafiyar da hira da ciniki. Ɗalibin da bai saka wa mahaifiyarsa WeChat ya koya mata kafin ya tashi ba, zai iya yin kwanaki ba ta ji muryarsa ba.

Shirin da ake buƙata bai wuce na yini ɗaya ba. A tabbatar layin na ɗauke da sunan mai shi da NIN ɗinsa, a kunna romin, a bar shi a rami na biyu na wayar, tunda yawancin Tecno, Infinix da Samsung na ɗaukar layi biyu. A kashe masa data don kada kuɗi su zube, a riƙa saka masa ɗan kati lokaci zuwa lokaci ana amfani da shi. A saka lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp, a sauke lambobin ajiya guda 10 da Google ke bayarwa a rubuta su a takarda. A je banki a nemi token ko a haɗa asusun da imel.

Masu shirya wa ɗalibai tafiya da gwamnatocin jihohin da ke ɗaukar nauyin karatu ya kamata su saka wannan a bayanin da suke yi kafin tashi. Kewar gida da baƙon abinci ba su da magani sai haƙuri, amma rufewar asusu abu ne da ake iya kauce wa tun ana Kano.