Ba Kowane Hazo Ne Yana Ba

'Yan'uwa manoma, a kakar da ta wuce wani dattijo daga cikinmu nan Unguwar Ya ya bar zuwa taron ƙungiya. Da muka je gaishe shi muka iske shi zaune a zaure, jikansa na riƙe masa sanda. Shekara uku ke nan yana cewa idonsa na yin hazo. Ya sha yin tuntuɓe da kunyoyin gona, ya sha karo da bakin ƙofa, sau biyu mai babur ya kusa kaɗe shi domin bai hango shi ta gefe ba. Duk wanda ya gaya wa sai ya ce masa ai yana ce, ya bari ta nuna, in masu aikin ido na kyauta sun zo za a cire masa. Mu ma haka muka ce masa. Ya kuwa jira. Ran da aka kai shi gaban likita, likita ya haska idon ya ce babu yana ko kaɗan. Jijiyar idon dama ta riga ta mutu, ta hagu saura ƙiris.

Laifin nan namu ne gaba ɗaya, gama mun ɗauka duk makantar tsufa iri ɗaya ce. Mun saba cewa ciwon ido sai haƙuri. To, akwai wanda haƙurin ne yake kashe idon.

Sunan ciwon gilakoma. A asibiti za ku ji ana ce masa hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne yake hawa ba, kuma mutum yana iya kamuwa da shi jininsa na jiki lafiya lau. Ga yadda abin yake. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai, ba hawaye ba, wanda ido yake yi dare da rana, yana kuma fita ta wata 'yar magudana. Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san abin da kan faru in hanyar fita ta toshe alhali ruwa yana ta shiga. Ido ba shi da inda zai yi ambaliya, sai ya cika ya yi tauri, matsin ya koma kan jijiyar da take kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan kamar igiyar rama take, zare fiye da miliyan ɗaya ne aka tufka. Suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Ganin gefe ne yake fara tafiya, na tsakiya ya rage har ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya ƙirga kuɗinsa a kasuwa daidai amma ya faɗa rami a hanyar gida. Zaren da ya tsinke kuwa babu likitan da ya iya ƙulla shi, ko a Kano ko a Ingila.

Nan ne bambancinsa da yana. Yana tana rufe ido ne kamar labule, in an cire ta an sa gilashi a ciki mutum ya tashi yana gani. Wanda ya jira yana ya yi hasarar lokaci. Wanda ya jira gilakoma ya yi hasarar ido.

Kada wani ya ce ciwon mutanen birni ne. Daga 2005 zuwa 2007 an yi babban binciken makanta a Nijeriya duka, aka auna idon mutum fiye da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama, a birni da ƙauye. Aka tarar yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, gilakoma na bin ta da wajen kashi 17 cikin ɗari na makafi. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake zama a kan sakamakon, suka buga a 2015 cewa mutum ɗaya cikin ashirin na masu waɗannan shekaru yana da ciwon. Cikin masu ciwon guda ɗari, waɗanda suka san suna da shi ba su kai shida ba, ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Ku duba taronku na wata. In dattawa maza da mata sun kai arba'in, lissafi ya nuna akwai kamar biyu a zaune da ciwon, suna kuwa ganin ku sarai. An kuma daɗe da sanin cewa ya fi kama baƙar fata, ya fi kama mu da wuri, kuma yana bin jini. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ciki ɗaya ya makance da shi, nasa haɗarin ya ninka na sauran mutane.

Binciken ya taɓo wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Wani kashi na masu gilakoma ba haka kawai ta same su ba, wani abu ne ya jawo ta, kuma abin da ya fi yawa a ciki shi ne aikin masu yawo ƙauye ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Na biye da shi rauni ne, irin wanda karan dawa ko bulala ko tsakuwa kan yi wa ido, ya warke a waje, bayan shekaru matsi ya tashi a ciki. Mu ƙara da ɗigon nan da ake saya a kemis ko a faifan mai talla saboda ƙaiƙayin ido. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, irin su deksametason. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa uwaye suke son su, amma in an daɗe ana ɗigawa suna iya ta da matsin ido har ga yaro ƙarami.

To, in an gano da wuri, me ake yi? Magani duka manufarsa ɗaya ce, watau a sauke matsin domin zaren da ya rage ya tsira. Hanya uku ce. Akwai ɗigo, kamar timolol wanda aka fara amfani da shi tun 1978, ana ɗigawa kullum har iyakar rai. Akwai fiɗa, inda likita yake buɗe wa ruwan sabuwar ƙofa. Akwai kuma hasken leza, wanda ake harbawa kan magudanar cikin 'yan mintoci, ba yanka, mutum ya koma gida ran nan.

Yawancinmu ɗigo muke zaɓa domin tsoron wuƙa, kuma a nan ne mu muke ganin ana yaudarar kai. Ɗigo yana aiki ga wanda ba ya fashi. Amma wane manomi ne a Gwaram yake da kuɗin kwalba a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye abin da ke hannu? Kwalba ta ƙare, a ce sai an sayar da riɗi. Wata biyu ido na cikin matsi ba wanda ya sani, tun da ba ya zafi. Wani ya saya ya ajiye a taga rana ta dafa shi. Wata tsohuwa hannunta na rawa, rabin maganin a kumatu yake ƙarewa. Timolol ɗin ma ba na kowa ba ne, mai asma da mai wani irin ciwon zuciya yana iya cutar da su, saboda haka ba abin da za a ara wa maƙwabci ba ne.

Likitoci sun auna wannan magana a ƙasa irin tamu. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya, an raba masu gilakoma 201 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu aka ba su timolol, waɗansu aka yi musu leza. Sakamakon ya fito a 2021. Bayan shekara guda, leza ta riƙe matsin a idanu 61 cikin ɗari, ɗigo kuwa 31 kacal. Kafin wannan, a 2019, wani gwaji a Ingila da mutum 718 ya nuna kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da leza sun kai shekara uku ba su bukaci ɗigo ba. Ba mu ce leza ta gama magana ba. A Moshi ɗin ma ta kāsa a ido huɗu cikin goma, ƙarfinta yana raguwa da shekaru har a sake yi, kuma ba kowane asibiti ne yake da injin ba. Idon da ciwon ya yi nisa sau da yawa fiɗa ce kaɗai za ta sauke matsinsa yadda ake so.

Kusa da mu ma an yi aiki. A asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, Dakta Mohammed Abdull ya yi shekaru yana bin masu wannan ciwo, mutanen da harshensu da nomansu irin namu ne. Abin da ya gani shi ne yawancinsu sai ido ɗaya ya tafi suke zuwa, kuma kaɗan ne suke yarda da fiɗa in an ba su shawara. Har ya gwada zaunar da majiyyata ana yi musu bayani a tsanake ko za su ƙara yarda, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Mu abin da muka karanta a nan shi ne, magana a ɗakin likita ba ta isa ba. Mutum yana fita zai koma gida, inda ƙaninsa zai ce kada a taɓa masa ido, matarsa ta ce ina kuɗin mota, maƙwabci ya ce wane ma an yi masa bai gani ba.

Maganar maƙwabcin nan gaskiya ce, kada mu ƙaryata shi. Wanda aka yi wa fiɗar gilakoma ba ya dawowa yana murna kamar mai yana. Ganinsa yana nan yadda yake, wani lokaci ma ya ɗan ƙara dushewa na 'yan makonni, kuma tilas ya yi ta komawa ana duba wurin kada ya toshe. Ribarsa ba ta ganuwa ran sallama. Sai bayan shekara goma, sa'ad da yake kai kansa gona, sa'ansa da ya ƙi kuwa ana ja masa gora. Mu da muke zuba taki a ƙasa mu jira wata uku, bai kamata irin wannan lissafi ya gagare mu ba.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta sa a ajandar taronta na gaba. Muna da asusun taki, muna da na iri, waɗansu har da na biki. A buɗe na ido. In kowane mamba ya zuba tiya guda ta gero ko dawa a kaka, a sayar da bazara sa'ad da hatsi ya yi daraja, kuɗin zai ɗauki mota guda ya kai dattawanmu awo, ya kuma rage abin da za a ranta wa wanda kwalbarsa ta ƙare da damina. Lokacin tafiya shi ne rani, bayan an gama sussuka, kafin sharar gona. Makon gilakoma na duniya ma a watan Maris yake faɗowa, kuma asibitoci da dama sukan yi awo a cikinsa. Wurin zuwa bai yi nisa ba. Akwai sashen ido a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, akwai na Bauchi, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna in abin ya yi tsanani.

A fara da waɗanda suka haura arba'in, da duk gidan da aka taɓa samun makaho wanda idonsa yake garau ba fari a ciki. Mata su shiga motar farko, gama su ne kullum ake cewa su bari sai an samu hali. In an je, kada a tsaya ga karanta harufan bango, domin mai gilakoma yakan karanta su tsaf. A roƙa a auna matsin ido, a kuma leƙa jijiyar. Awon lafiyayyen ido yakan faɗa tsakanin 10 da 21, amma da yawa suna da ciwon alhali awonsu bai wuce haka ba, shi ya sa leƙa jijiyar ya zama dole. Wanda aka samu da ciwon ya gaya wa likita gaskiyar nisan garinsu da ƙarfin aljihunsa, ya tambaya ko leza ko fiɗa za ta fi masa, ya kuma tambayi inda ake yi. Magatakarda ya rubuta ranar komawar kowa a littafin ƙungiya kamar yadda yake rubuta ranar biyan bashi.

Iri ɗaya ne ba ya jiran rani. In ido ya yi ja farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da amai, mutum yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, to, magudanar ce ta rufe gaba ɗaya, kuma ido yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Wannan a nemi mota ran nan, ko da tsakiyar shuka ne.

Dattijonmu an yi masa fiɗa a idon hagu. Yana gane fuska in an matso, yana kai kansa masai ba jagora. 'Ya'yansa biyar ne, mun kai huɗu awo, aka sami ciwon a idon babbar, tana da shekara 44, ba ta kuwa taɓa jin kome ba. Na biyar yana Legas, an aika masa.