Kafin Ka Sayi Kyamara, Ka Gwada Ta A Duhu

Masu son fara sana'ar hoto a Gwarzo da Kabo sukan tambaya: saurin fokas za su bi, ko ƙarfin ɗauka a duhu? A ganina, ka fara da na duhu.

Dalili kuwa, fokas da haske yake aiki. Da rana tsaka, ko Canon 70D ta 2013 za ta kama maka mahayin doki a guje ranar hawan sallah. Amma kuɗin mai hoto a biki yake, kuma kai amarya bayan magariba ake yi, ga NEPA ta ɗauke, sai ƙwan janareta ɗaya. A nan kyamara ke ta laluben fuska, hoto ya fito dishi-dishi. Ba za a sake kai amarya saboda kai ba.

Maganin yana wajen lens. Ɗan 18-55mm da ke zuwa da kyamara, in ka ja shi zuwa 50mm, kusan f/5.6 yake. Shi kuwa 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10, fokas ma ya ƙara sauri.

In ka shiga Kano sayayya, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Ka roƙi mai shago ya kashe fitila, ka ɗauki fuskarsa yana motsi, sannan a yi ciniki.