Doki da Hanyar Gabas

Yau filin namu zai waiwayi hanyar gabas, watau hanyar ƙasa da kakanninmu suka riƙa bi zuwa Makka, da kuma dabbar da ta raka waɗansunsu.

Mai niyya a wancan zamani yakan bar Kano ya nufi Barno, ya ƙetare Kogin Shari, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Nilu, sa'an nan ya gangara Sawakin, inda jirgin ruwa zai haye da shi Bahar Maliya zuwa Jidda. Akasarinsu a ƙasa suke tafiya, jaki na ɗauke da kaya. Inda damina ta riske su nan za su yada zango su yi noma, har tafiyar ta ci shekaru. Doki kuwa sai masu sarauta da manyan malamai da attajirai.

To, kada mai karatu ya zaci mai doki hutu ya samu. Doki ba ya jure ƙishirwa kamar raƙumi, ba ya kuma cin duk abin da ya tarar kamar jaki. Yana son hatsi, yana son harawa, yana son kanwa. In an sauka, kafin ubangijinsa ya kai ruwa bakinsa sai ya kafa turke, ya kwance majayi, ya sauke sirdi, ya shafa gadon bayan ko ya yi miki, ya duba kofato. Tsakar dare in dokin ya yi haniniya, tilas ya tashi ya ga ko kura ce ko ɓarawo. Duk wanda ya zauna da doki kuma ya sani dabba ce mai jin halin mahayinta ta bakin linzami: ka hau da fushi ya yi maka tutsu, ka hau da natsuwa ya ba ka wuya. Shi kuwa ihrami, cikin abubuwan da ya hana har da jayayya da farauta. Ni dai a ganina mutumin da ya shekara yana danne zuciyarsa saboda dabba, yana ciyar da ita kafin cikinsa, ya soma koyon ladabin harami tun bai kai mikati ba. Ga kuma dogon shiru na kan sirdi, daga hantsi har la'asar, ba abokin hira sai zikiri da tunanin abin da mutum ya shuka a baya.

Wannan hanya ce Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufa da mahayansa a 1903, ajali ya tsai da shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello ya zarce da sauran jama'a har Sudan, ga garin Mai Wurno can a bakin Shuɗin Nilu yana shaida.

Abin mamaki, jiragen sama na farko da suka zo Kano a 1925, daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Cadi, kusan sawun alhazai ke nan a juye, kuma a filin dawaki suka sauka. Yanzu daga Kano zuwa Jidda wajen awa biyar ne. Wannan rahama ce, ba mai hankalin da zai ce wa tsohuwa ta koma ratsa Darfur a ƙasa. Sai dai maniyyaci yakan isa mikati da lissafin kasuwar jiya bai bar kansa ba, wani ma jerin tsarabar da aka yi masa sautu ne a aljihu.

Doki dai ya zauna gida. Ranar goma ga Zulhajji, sa'ad da alhazai ke jifa a Mina, shi yana can Katsina ko Zazzau ana ɗaura masa jalala za a yi hawan Salla.